Ana yi mini maganin ITP, sai ga jinina yana ta raguwa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 29, da 'ya'ya biyu. Wata biyar da suka wuce aka gano ina da ITP, cutar ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini, bayan na sha fama da haɓo da zubar jini a dasashi da wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙafafuna. A lokacin ƙwayoyin tsayar da jinina 9,000 ne, himogulobin kuwa 12.4. Aka ɗora ni a kan prednisolone miligiram 60, suka hau, da aka fara rage maganin suka sake faɗowa. Mako shida ke nan da likita ya ƙara mini dapsone miligiram 100 kullum. Yanzu ƙwayoyin sun kai 34,000, prednisolone ya dawo 15, amma himogulobin ya sauko 8.6. Ina jin jiri da haki ko bene na hau, al'adata kuma tana kai kwana tara, jini guda-guda. A gida an haɗa ni da madara da Maltina da ruwan karan dafi, mai kemis kuma ya ce in zo ya yi mini allurar ƙarin jini. Maganin ne yake shanye mini jini? In daina sha? Ko cutar ce ta koma sankarar jini? Sai nan da mako uku zan ga likitana.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Mako ukun nan kada ki jira shi. Wadda himogulobin ɗinta ya sauko daga 12.4 zuwa 8.6, tana jiri, tana haki, kuma ƙwayoyin tsayar da jininta ba su wuce 34,000 ba, asibiti ya kamata ta koma yau ko gobe. Ga mace baliga marar ciki, duk abin da ya gaza 12 ƙarancin jini ne. Idan asibitinku PCV suke rubutawa, wato wani ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ki ninka himogulobin sau uku, 8.6 ya zama wajen 26 ke nan.

ITP ita kaɗai ba ta rage himogulobin. A wannan cuta garkuwar jiki ce take kama ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet, ta yi musu tambari, saifa ta riƙa cinye su. Jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗauke da himogulobin, babu ruwanta da su, shi ya sa ranar da aka gano cutar naki yake daidai. To idan ya faɗi daga baya, akwai wani dalili dabam da ya shigo: ko jinin zuba yake yi, ko jajayen ƙwayoyin ne suke farfashewa tun kwanansu bai ƙare ba, ko ɓargo ne ya gaza ƙera sababbi. Maganin kowanne dabam ne, kuma abin da yake gyara ɗaya ba ya taɓa ɗayan. A wasiƙarki abu biyu muke zargi. Al'ada ita muka fi zargi, amma dapsone ya fi bukatar gaggawa.

Kafin ki fita gida ki yi wani ɗan aiki da zai taimaki likita ƙwarai. Tattaro duk takardun gwajin jininki tun daga na farko, ki jera su bisa kwanan wata, ki rubuta lamba uku daga kowace takarda: himogulobin, filatilet, da MCV, wanda shi ne ma'aunin girman jajayen ƙwayoyi, daidainsa tsakanin 80 da 100. Sai ki ja layi a ranar da kika fara dapsone. Idan himogulobin ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan wata bayan wata, MCV ma yana bin sa ƙasa har ya gaza 80, wannan sawun zubar jini ne da ƙarewar sinadarin ƙarfe. Idan kuwa yana nan tsaye wajen 12 har zuwa layin, sannan ya rikito cikin mako biyu ko uku, MCV bai sauka ba ko ma ya ɗan hau, ido ya koma kan maganin. Sau da yawa duka biyun ake samu a haɗe, kuma a lokacin MCV yakan yaudari mutum ya fito daidai, domin ɗaya yana jan sa ƙasa ɗaya yana tura shi sama.

Lissafin al'ada ba shi da wuya. Mace takan zubar da mililita 30 zuwa 40 a al'ada ɗaya, abin da ya haura 80 shi ake kira mai yawa. Kowace mililita ɗaya ta jini tana tafiya da wajen rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, hanji kuwa miligiram ɗaya zuwa biyu yake iya tsotsa daga abinci a rana, kuma rabin wannan ma yana tafiya ne wajen cike abin da jiki yake asara kullum ko babu al'ada. Wadda take kwana tara da guda-guda tana iya zubar da mililita 200 ko fiye, wato miligiram 100 a wata. Abinci ba zai cimma wannan ba komai kyansa. Da farko jiki yakan ci daga ajiyarsa, himogulobin ya zauna kamar ba abin da yake faruwa, sai ajiyar ta ƙare sannan a ga faɗuwar. Wata biyar ya isa hakan ta faru, musamman ga wadda ta haihu sau biyu, wataƙila ajiyar tata dama ba ta cika ba. Wani abin kuma da ba a cika faɗa wa marar lafiya ba: ƙarancin jini da kansa yana ƙara zubar jini. Jajayen ƙwayoyi ne suke ture filatilet zuwa gefen jijiya inda ake bukatarsu, idan suka yi ƙaranci 'yan filatilet ɗin da suka rage ba sa aiki yadda ya kamata.

Don haka tsayar da zubar shi ne rabin maganin. Likita yana iya rubuta miki tranexamic acid, giram ɗaya sau uku a rana, a kwanakin da jinin ya fi yawa, yawanci kwana huɗu zuwa biyar. Ba a shan sa idan ana ganin jini a fitsari, domin gudan jini yana iya toshe hanyar ƙoda, haka nan wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu sai ta faɗa tun kafin a rubuta. Akwai norethisterone, miligiram 5 sau biyu ko uku a rana, wanda zai iya ɗauke al'adar gaba ɗaya har filatilet su hau, kuma babu illa mace ta yi 'yan watanni ba ta gani ba a wannan hali. Ga mai son hutu mai tsawo, robar mahaifa mai sinadarin levonorgestrel tana rage jinin al'ada sosai. Yana da kyau a yi hoton mahaifa ko sau ɗaya, domin ƙarin mahaifa ya yawaita ga matanmu, kuma bai kamata a ɗora wa ITP laifin komai ba. A yi gwajin ciki ma.

Maganin ciwon mara kuwa, paracetamol kawai. Ibuprofen, diclofenac, aspirin, piroxicam da mefenamic acid duk suna raunana aikin filatilet, kuma idan suka haɗu da prednisolone suna iya huda gyambo a ciki ya riƙa tsiyayar da jini ba a sani ba. Ki yi hattara da haɗin da ake ƙulle wa mutum a leda don ciwon jiki, da wuya a rasa ɗaya daga cikinsu a ciki. Ki kuma riƙa duba bayan gidanki. Idan ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wari mai tsanani, jini ne daga ciki. Ƙaho da tsaga da duk aikin wanzami a ajiye su tukuna, haka cire haƙori sai da sanin likitan jini.

Gwajin da zai tabbatar da ƙarewar sinadarin ƙarfe shi ne feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfen da ke jiki. Idan ya gaza 30 magana ta ƙare. Amma zazzaɓi ko wani kumburi a jiki yana ɗaga shi, don haka wanda ya fito 50 ko 60 a jikin da ba shi da lafiya bai wanke zargin ba. Idan an tabbatar, ƙwaya ɗaya ta ferrous sulphate miligiram 200, mai ɗauke da wajen miligiram 65 na sinadarin, sau ɗaya a rana ta isa, ko ma a sha yau a tsallake gobe idan tana tayar miki da zuciya ko tana ɗaure ciki. Tsohuwar al'adar sha sau uku a rana ba ta ƙara wani abin kirki sai wahala, saboda da zarar an sha ta farko jiki yakan rufe ƙofar tsotsa na kusan yini guda. Ki sha da safe kafin karyawa, da ruwa ko lemon zaƙi. Shayi, kofi, madara, fura da nono da maganin olsa na ruwa duk suna hana shi shiga, a bar aƙalla awa biyu tsakani. Idan an haɗa miki omeprazole saboda prednisolone, shi ma yana rage tsotsar, ki tuna wa likita. Bayan gida zai yi duhu, amma duhun ƙwayar ƙarfe yana da ɗan kore-kore, ba danƙo, ba wancan warin.

Idan abin ya karɓa, cikin mako biyu zuwa huɗu himogulobin zai hau da ɗaya zuwa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar jiri ya tafi. Sai an ci gaba wata uku bayan himogulobin ya dawo daidai kafin ajiyar ta cika. Idan wata guda ya wuce babu motsi, ko jinin yana zuba fiye da yadda ƙwaya za ta cimma, ana ba da sinadarin ta jijiya a asibiti, iron sucrose ko ferric carboxymaltose. Ta jijiya muka ce. Allurar da mai kemis ya yi miki tayi, in ta tsoka ce, ki ce masa kin gode. Da filatilet 34,000 allura a ɗuwawu tana iya tara jini a cikin tsoka ya kumbura, ki ƙara asarar abin da kike nema. Wannan ya shafi kowace allurar tsoka, har ta zazzaɓi.

Yanzu dapsone. Wannan magani yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini kaɗan a jikin kusan kowa, kuma likitoci sun san da haka, raguwar ɗaya zuwa biyu a himogulobin ba abin mamaki ba ce. Har ana ganin ta nan yake taimakon mai ITP: saifa ta shagala da jajayen da suka lalace, ta sarara wa filatilet. Amma naki ya ragu da kusan huɗu, ya wuce abin da ake lamunta. Tambayar da za ki yi wa likita ita ce: an auna mini G6PD kafin a fara? Wannan wani sinadari ne da yake kare jajayen ƙwayoyi, ana gadon ƙarancinsa, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma, a Najeriya ana kiyasin wajen namiji ɗaya cikin biyar ko shida. An fi ganin sa ga maza, sai wasu suka ɗauka mata sun tsira, alhali macen da ta gaji rabi tana iya samun farfashewa mai tsanani idan ta sha dapsone. Alamunsa su ne idanu su yi rawaya irin na ciwon shawara, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ciwon baya, da kasala da ta zo farat ɗaya. Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki sha ƙwayar gobe, ki tafi asibiti yau. Dapsone ana iya tsayar da shi kai tsaye. Ko ba ki ga alamun ba, da wannan lamba taki akwai yiwuwar likita ya dakatar da shi har sakamako ya fito.

Prednisolone ne ba a yankewa kwatsam. Bayan watanni ana sha, jiki ya rage ƙera nasa sinadarin, idan aka daina rana ɗaya hawan jini yana iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai har ya suma, filatilet ma su rikito. A hankali ake sauka. Sai dai wata biyar ya yi tsawo. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta fitar a 2019 ta fi son kada ya wuce mako shida ga babba, har da lokacin ragewa, saboda suga da hawan jini da raunin ƙashi da saurin kamuwa da cuta. Ki tambayi likita wane shiri ake da shi na raba ki da shi.

Gwaje-gwajen da suke nuna farfashewa su ne retikulosait, wato ƙidayar jariran jajayen ƙwayoyi, wanda daidainsa bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba amma yakan hau sosai idan ɓargo yana ƙoƙarin cike gurbi, sai bilirubin da LDH waɗanda su ma suke hawa, da kuma shafa jini a gilashi ƙwararre ya duba da madubin likita. Wannan na ƙarshe shi ya fi arha, kuma shi ya fi faɗar gaskiya. Gwajin G6PD yana da tarko: idan aka yi shi ana tsakiyar farfashewa ko bayan ƙarin jini, yana iya fitowa lafiya lau, domin tsofaffin ƙwayoyin marasa sinadarin sun riga sun mutu, sababbi aka auna. Sai a maimaita bayan wata uku. Idan ya tabbata kina da ƙarancin, ki rubuta a takarda ki riƙa nunawa duk inda za a ba ki magani. Primaquine da nitrofurantoin suna cikin abin gudu, co-trimoxazole ma ba a haɗa shi da dapsone sai da lura, sannan a fitar da ƙwallon kafur daga akwatin kaya. Ana ba mai farfashewar jini folic acid miligiram 5 kullum don ɓargo ya samu kayan aiki. Dapsone yana da wata illa ta dabam, inda leɓe da farce suke yin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta tsaya wajen 85 ko an sa iskar oksijin. Wannan ma na gaggawa ne.

A nemi gwajin Coombs, mai nuna ko garkuwa ta kama jajayen ƙwayoyi, tare da sauran. Wani lokaci garkuwar da ta kama filatilet takan juya ta kama jajayen ƙwayoyi ma, abin da ake kira cutar Evans, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1951. Takan ɓuya lokacin da prednisolone yake da yawa, ta fito idan an rage shi, kamar dai matakin da kike kai yanzu. Idan Coombs ya nuna haka, tsarin maganin zai canza, kuma za a bincika ko akwai lupus, HIV ko ciwon hanta nau'in B da C a ƙarƙashi, in ba a riga an duba ba. A duba maleriya ma, domin tana rage jini da filatilet a lokaci guda, prednisolone kuma yana iya danne zazzaɓin har ba za ki ji shi ba. In an same ta, a guji quinine, shi kansa yana karya filatilet ga wasu. Wadda take shiga rafi ko fadama a duba mata tsargiya da tsutsar ciki.

Idan aka sauya miki magani nan gaba, kowanne da nasa hali game da jini. Azathioprine da mycophenolate suna iya danne ɓargo, shi ya sa ake auna jini a kai a kai a watannin farko. IVIG, sinadarin garkuwa da ake sawa ta jijiya, idan ya yi yawa yana iya farfasa jini ga masu rukunin A, B ko AB cikin kwana goma bayan an sa. Anti-D, wani maganin ITP da ake sawa ta jijiya, dama ta hanyar farfasa jajayen ƙwayoyi yake aiki, ba a ba wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa. Eltrombopag kuwa yana manne wa ƙarfe da kalsiyam, idan aka sha shi tare da ƙwayar ƙarin jini ko madara duka biyun sun tashi a banza, kuma magani ne mai tsada. Ana shan sa awa biyu kafin su ko awa huɗu bayansu.

Game da sankarar jini: ITP ba ta rikiɗewa ta zama sankara. Abin da kan faru jefi-jefi shi ne tun farko wata cutar ɓargo ce ta zo da kamannin ITP. Ke kuwa kin fara da himogulobin daidai, filatilet ɗinki sun amsa prednisolone, kuma ga dalilai biyu a fili da za su iya bayyana faɗuwar. Wannan duk abin kwantar da hankali ne. Abin da zai sa likita ya nemi ɗibar ɓargo shi ne idan fararen ƙwayoyin jini ma sun rikice, ko an ga ƙwayoyin da ba a saba gani ba a gilashi, ko retikulosait ya yi ƙasa babu dalili, ko akwai kaluluwa, kumburin saifa, rama da gumin dare. Ana ɗiba ne daga bayan ƙashin ƙugu bayan an kashe wurin da allura, kuma ana yi ko filatilet suna ƙasa. Idan inda kike babu likitan jini, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, Maiduguri ko Jos.

Mutanen gida niyyarsu kyakkyawa ce, amma madara kusan babu ƙarfe a cikinta, kuma tana hana wanda kika sha shiga, zaƙin abin shan kuma ba alheri ba ne ga mai shan prednisolone, wanda dama yana ɗaga suga. Ruwan karan dafi da zoɓo jan launinsu ne ya sa ake danganta su da jini, ba za su cike irin wannan giɓi ba, kuma jiƙe-jiƙe gara a dakata da su har a gane abin da yake faruwa, kada su rikita sakamakon hanta. Masu son taimakawa su kawo hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyahu, a bi da gwaiba ko lemo, a jinkirta shayi.

Ƙarin jini ba a cika yin sa a 8.6 ba. Yawanci sai himogulobin ya gaza 7, ko jini yana zuba ba tsayawa, ko mutum yana haki a zaune. Leda ɗaya tana ɗaga shi da wajen ɗaya ne kawai, kuma ba ta gyara filatilet, garkuwar takan cinye filatilet ɗin da aka ƙara cikin 'yan awoyi. Idan ta kama a ƙara miki, ki roƙa a ɗebi jinin feritin, Coombs, retikulosait da na gilashi kafin a ɗaura ledar, domin bayan an ƙara sakamakon ya gauraye da na wani. Ba laifi maigida ya san 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya bayarwa tun yanzu.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu: ciwon kai mai tsanani da ba ki saba ji ba, rikicewar magana ko gani, aman jini, baƙin bayan gida mai danƙo, jiƙa auduga ɗaya duk awa har awa biyu a jere, suma, ciwon ƙirji, haki kina zaune, ko zazzaɓi tare da ruɗewa. Ki faɗa wa wanda kuke kwana gida ɗaya waɗannan alamu, domin ba lallai ke ce za ki fara lura ba.

Bayan an gano dalilin an fara gyara, a maimaita cikakken gwajin jini duk mako har himogulobin ya daina sauka, sannan duk mako biyu zuwa huɗu, feritin kuma bayan wata uku. Ki riƙa rubuta kwanakin al'ada da yawan audugar da kika canza kowace rana, ki tafi da takardar duk ranar asibiti. Idan kuna da niyyar ƙarin haihuwa, ku ɗan dakata har jinin ya dawo, kuma ku sanar da likita tun kafin cikin ya shiga, domin wasu magungunan ITP, musamman mycophenolate, suna cutar da ɗan tayi.